Gurbin Uwa Ɗaya

Duk tsohon garin Bhopal, daga bakin tafki har lungun masu surfani, babu wanda ya taɓa ganin Nuzhat ta biya kuɗin keke. Ko dai ta manta jakarta a gida, ko mai keken ba shi da canji, ko ta tsaya gyaran mayafi har wani ya gaji ya biya. Saboda haka ranar da ta iso gidan yayarta Mehrunnisa da hantsi, ga keke mai ƙafa uku yana jira a ƙofa, kuma ta ce ta riga ta biya zuwa da dawowa, ya kamata a ce Mehrunnisa, wadda take kira Apa, wato Yaya, ta sha jinin jikinta. Ba ta sha ba. Daɗi ma ta ji.

"Apa, tashi ki sa mayafi. Yau za a yi miki katin nan na tsofaffi. Tahsin sai bugo mini waya yake yi."

"Ke yake bugo wa? Ni tawa wayar a rijiya ta faɗa?"

"Ya san halinki ne. Ke in an ce ki fita, sai kin lissafo ciwon jikinki tun daga kai har farce. Tashi mana, mai keke zai fara zagina."

Tahsin ɗin nan ɗan Mehrunnisa ne, kuma ɗan Nuzhat ne, ya danganta da wanda ka tambaya. Haihuwa dai Nuzhat ce ta yi. Amma a lokacin Mehrunnisa ta daɗe a gidan Rafik Sahab ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, ita kuwa Nuzhat tana saɓe da ɗaya, tana jan ɗaya, sai ga na uku ya faɗo. A irin wannan ba ma zuwa kotu, ba ma kiran lauya. Mahaifiyarsu ce ta ɗauki jaririn a gaban dangi ta ɗora wa Mehrunnisa a cinya, aka yi addu'a, aka raba alewa, magana ta ƙare. Ba a ɓoye wa yaron komai ba. Ya tashi ya san cikin da ya fito, amma Ammi, wato uwa, ɗaya ya sani, ita ce Mehrunnisa. Nuzhat kuwa Khala yake ce mata, kamar yadda kowane yaro ke kiran 'yar'uwar uwarsa. Kuma Mehrunnisa ba ta ɗaukar wasa a kan wannan. An taɓa yin wani biki da wata tsohuwa ta ce wa yaron, "Je ka wurin uwarka," tana nuna Nuzhat. Mehrunnisa ta tsame hannunta daga shinkafar bikin ta ja ɗanta suka tafi, ba ta sake gaida matar ba har ta bar duniya.

Rafik Sahab ya rasu yaron yana sakandare, bai bar musu komai ba sai ɗaki biyu a saman bene da agogon bango. Da allura Mehrunnisa ta ƙarasa rainon. Tana durƙushe a tabarma tana yi wa 'yan jakunkunan amare surfani da zaren gwal, daga asuba har ido ya daina gani, shekara da shekaru, har yaron ya gama jami'a. A kan tabarmar nan ta baro gwiwoyinta.

Da ya sami aiki a Pune, kafin ma ya sayi babur, sai da ya sa ta a inshorar lafiya ta ofishinsu, a gurbin mahaifiya. Aka aiko mata da wani kati shuɗi mai hotonta. Da shi take zuwa asibitin kuɗi na sabon gari wurin Dokta Saksena, inda ake ba mutum kujera mai laushi, ana kiranta Begum Sahiba kamar matar manya. Matan lungu sun ga katin nan har sun ƙoshi. Ko ciwon kai wata ta ce tana yi, sai Mehrunnisa ta buɗe akwatinta na ganyen pan da take taunawa kamar goro ta zaro shi, ta ce, "Ni kam Tahsin ya rufa mini asiri." Tana da fariya, wannan ba za a ɓoye ba. Amma duk wanda ya san da me ta sayi katin nan ba zai ga laifinta ba.

To bara sai Tahsin ya canza kamfani, daidai lokacin da aka fara ba waɗanda suka kai saba'in katin magani na gwamnati. Ya bugo mata ya yi mata bayani dalla-dalla, da muryar nan tasa mai sanyi da yake saye ta da ita tun yana ɗan mitsitsi.

"Ammi, abu biyu ne. Na gwamnati shi ne tushe, kuma kyauta ne. Na ofis ƙari ne a kansa. In wancan ya gaza, wannan ya ɗauka."

"To shuɗin nawa laifin me ya yi?"

"Na tsohon kamfani ne, ya mutu tun ranar da na bar su. Sabo yana nan tafe. Ke dai ki fara yin na gwamnatin."

"Ni fa ba na son layin gwamnati, Tahsin. Ka san ƙafata."

"Wa ya ce layi za ki bi? Ajiyewa kawai za ki yi a akwatinki, ya zama kina da biyu. Kaniz Bi ta mutu da baƙin ciki."

Ta yi dariya har da tari. Kaniz Bi ita ce maƙwabciyarta ta ƙasan bene, abokiyar faɗanta kuma abokiyar shan shayinta. Maganar kati biyu ta zauna mata, shi ya sa da Nuzhat ta zo da keke ba ta ja da nisa ba.

Wurin yin katin wani ɗan shago ne a bayan babban masallaci, na'ura ɗaya, fanka ɗaya, tsofaffi har bakin titi. Da layi ya zo kanta, mai shagon ya ce ta dangwala babban yatsa a kan gilashi. Ta dangwala, na'ura ta yi ja. Ta sake, ta sake yin ja. Allura ta daɗe da cinye zanen yatsun.

"Ammaji, yatsan nan naki sumul yake kamar ƙwai," in ji mai shagon. "Ki dawo wani satin, za a kawo mana ta ɗaukar ido."

Mehrunnisa har ta fara laluben sandarta, don ita dama a ƙagauce take. Nuzhat ce ta yi tsalle ta dire.

"Wane irin wani satin? Malam, yau za a yi shi. Apa, kawo hannun."

Ta kama yatsan ta goga a gashin kanta mai man kwakwa, aka gwada, ya ƙi. Ta hura masa iskar baki, ya ƙi. Ta fita da gudu-gudu wurin mai matsar rake ta roƙo ɓarin lemun tsami, ta dawo ta yi ta murza yatsun ɗaya bayan ɗaya har suka yi ja, tsofaffin da ke baya suna ta tsaki. Daga ƙarshe ƙaramin yatsan hagu, wanda bai taɓa riƙe allura ba, shi ya karɓu. Nuzhat ta sauke wata ajiyar zuciya irin ta wanda ya dire buhu. A hanyar komawa Mehrunnisa ta ji ƙanwar nan tata ta shiga ranta yadda ta daɗe ba ta shiga ba. Ta riƙo hannunta ta ce, "Allah ya bar zumunci, Nuzhat." Nuzhat ta amsa da amin tana kallon titi.

Damina ta zo ta wuce, sabon kati bai zo ba. Gwiwoyi kuwa ba su jira kowa ba. Matakalar da take hawa da kwandon cefane ta koma hawanta da rarrafe. Sallah ta koma yi a kujera, abin da ta daɗe tana yi wa wasu tsofaffi dariya a kai. Tun kafin shuɗin kati ya mutu Dokta Saksena ya gaya mata duka biyun sun cinye, sai an yi aiki an sa mata na ƙarfe. Ta je asibitinsa da katin gwamnati, yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta juya shi gaba da baya, ta ce irin wannan aikin ba sa yin sa da wannan katin a nan, sai dai asibitin gwamnati. Ta je asibitin gwamnati ta wuni a benci, aka rubuta sunanta, aka ce za a kira ta. Wani dattijo da ke gefenta ya ce shi ma haka aka ce masa, tun kafin azumin bara.

Duk sanda ta bugo wa Tahsin amsar ɗaya ce. "Ammi, kin san halin kamfani. Ina bin su." Sai ta hau sallaya ta yi ta kai ƙarar kamfanin wurin Allah, kamfanin da bai ma san tana yi ba. Da ta ce to ya zo ko kwana biyu ne ya raka ta wurin likitocin gwamnatin, ko ganin namiji mai Turanci zai sa su duba ta, ya ce wallahi babu hutu sai da Sallah.

Ana cikin haka Nuzhat ta leƙo ta yi mata sallama, ta ce za ta Indore wurin 'yarta mai tsohon ciki, sai ta kwana biyu. Ita ma tana ɗan ɗingishi, don ciwon gwiwa a gidansu gado ne, sai dai nata bai daɗe da farawa ba. Mehrunnisa har da ba ta ƙullin busasshen dabino ta kai wa mai ciki.

Bayan 'yan kwanaki sai ga Kaniz Bi ta hawo bene tana haki. Ita Kaniz Bi in labari ya kwana a cikinta zazzaɓi take yi, ga shi kuma matar ɗanta tana aikin goge-goge a asibitin Dokta Saksena.

"Mehru Apa, ashe an matso da Indore kusa ba ki gaya mini ba?"

"Wace irin magana ce wannan da rana tsaka?"

"A'a, na ji yanzu da lif ake zuwa. Hawa na uku, ɗakin ƙarshe. Surukata ce ta goge mata ƙasa da safen nan. Ƙafa a naɗe cikin farin ƙyalle, ga talabijin, ga sanyi kamar gidan gwamna. An sa wa ƙanwarki sabuwar gwiwa, ke kina nan kina jan gindi."

Abin da ya fara zuwa ran Mehrunnisa tsoro ne, sai tausayi ya biyo baya. Wato ƙanwarta ta shiga ɗakin tiyata ita kaɗai, ta ɓoye mata don kada ta tayar mata da hankali. Kuɗin kuwa ta ɗora a kan surukin Nuzhat na Indore mai shagon taya. Ga mace da ba a taɓa cutarta a kasuwa ko da albasa ɗaya ba, amma da aka zo kan nata sai kai ya ƙi ja. Ta kori Kaniz Bi da cewa ta cika sa ido, ta aika aka sayo ƙafar akuya, ta zauna a kujera gaban murhu ta yi farfesu mai kauri irin wanda ake yi wa mai karaya. Washegari ta zuba a kula, ta naɗe gurasar roti a tsumma, ta sauka benen nan da baya da baya.

Tun daga barandar hawa na uku ta ji wata dariya da ta sa ta tsaya cak. Akwai dariyar da uwa ba ta ɓacewa ko a tsakiyar kasuwa ne. Ta tura ƙofar da kan sandarta.

Tahsin ne zaune a bakin gado, ya naɗe hannun riga, yana ɓare lemu yana sa wa Nuzhat a baki ɗaya-ɗaya. Da ya ɗago, lemun ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin gado.

"Ammi! Ke da wa kika zo? Da ƙafar nan?"

"Da ita dai, ba ni da wata. Kai kuma yaushe aka yi Sallar ban ji ganga ba?"

"Shekaranjiya na shigo. Yau da yamma nake shirin zuwa gida."

"Sannu da shiri."

Ta ajiye kular a kan tebur, ta juya kan Nuzhat, wadda ta ja zanen gado har hanci. "Ke kuma, mutuniyar Indore, ya hanya? An sauka lafiya?" Nuzhat ta fara hawaye. Har zuwa lokacin Mehrunnisa ba ta gama haɗa abin ba. Ta dubi labule, ta dubi talabijin, ta dubi kujerar nan mai laushi da ta saba zama a irinta, sannan ta tambaya a hankali, "Wa ya biya?" Tahsin ya kawar da kai, Nuzhat ta runtse ido. Wannan ne ya gaya mata.

"Ammi, zauna in yi miki bayani," in ji Tahsin.

"Bayaninka na bara ma ban gama haɗiye shi ba."

Amma ta zauna, don ƙafar ba ta ba ta zaɓi ba. Ya durƙusa a gabanta.

"Gurbi ɗaya suke bayarwa, Ammi. Uba ɗaya, uwa ɗaya. Wallahi na roƙe su, na ce ni biyu gare ni, suka yi mini dariya. Sai na zauna na auna. Ke kin haura saba'in, gwamnati ta ɗauke ki. Khala ba ta kai ba, da saura sosai. Mijinta Khalu Anwar kuma kin san yadda shagonsa ya koma. Ba ta da komai, Ammi, ko ƙwayar magani sai an ci bashi. Na ga in na yi haka kowa ya samu."

"Kowa ya samu kam. Ita ta samu gado da sanyi, ni na samu benci."

"Ban san ba sa yin gwiwa da katin a nan ba. Na rantse da Allah sai daga baya na sani."

"To da ka sani daga bayan fa? Kati yana tafe, Ammi. Ina bin su, Ammi. Ka bar ni ina ta kai ƙarar bayin Allah a kan sallaya." Ta buga sandarta a ƙasa. "Yanzu an gama mata. Sai ka mayar da ni."

Ya sunkuyar da kai. "Ba a canzawa sai bayan shekara uku."

Nan ne abin ya kai mata har ƙashi. Ba ciwon gwiwar ne ya fi ƙona ta ba, ko da yake shekara uku da rarrafe ba wasa ba ne. Abin da ya ƙona ta shi ne an tambayi ɗanta wace ce uwarsa, sau ɗaya tak a rayuwarsa aka ce ya faɗi suna ɗaya, ya faɗi na wata. Kuma su biyun sun zauna sun kitsa, suka kama hannunta suka kai ta ta dangwala wa kanta.

"Shi ya sa kika yi ta murzar yatsana kamar za ki cire shi," ta ce wa Nuzhat. "Ni ina ta sa miki albarka a keke. Kai, amma an yi sakarar tsohuwa. Da kun zo kun tambaye ni fa? Da na zage ku tas, na yi kukana, sannan in ce a ba ta."

Nuzhat ta yaye zanen daga fuskarta. Idon ya yi ja, amma bakin bai mutu ba.

"Da ba ki ba ni ba, Apa. Kada ki yi wa Allah ƙarya. Tunda aka ɗora miki yaron nan a cinya, me kika taɓa bar mini a kansa? Ranar kaciyarsa a ƙofa na tsaya. Ranar aurensa a bayanki na zauna kamar 'yar gayya, ana ta zuwa ana yi miki barka. Nonona yana zuba kika hana ni shiga gidanki, wai kada ya saba. Ɗa sukutum na ba ki, ban taɓa buɗe baki ba. Sau ɗaya ya tuna da ni, shi ne za ki zo ki tsaya mini a ka?"

"Ba ni kika yi, ko aro kika ba ni? Faɗa mini yau in sani."

"Don Allah ku yi shiru," in ji Tahsin, yana duban ƙofa. "Don girman Allah, ba a nan ba."

Bai rufe baki ba aka ƙwanƙwasa. Wani siririn mutum ne mai tabarau da jaka a hammata, takalminsa duk ƙura. Ya haɗa hannu ya gaida kowa, ya ce daga kamfanin inshora yake, aikinsa ne ya zagaya ya ga mara lafiya da idonsa kafin a biya asibiti. Ya dubi ƙafar Nuzhat, ya tambaye ta sunanta da na mijinta, ya rubuta. Sannan ya sosa ƙeya.

"Tahsin Sahab, ka yi haƙuri, abu ɗaya ne ya tsaya mana. Sunan mahaifinka a wurinmu Rafik ne. Ita kuma wannan baiwar Allah mijinta Anwar. Ba wai ina zarginka ba ne, amma ka san mutanenmu. Wani ya kawo gwaggonsa ya ce uwarsa ce, wani ya kawo maƙwabciya. In aka kama irin haka kamfani ba ya biya, kuma dole mu sanar da ofishinku. Na ga waɗanda suka rasa aiki a kan ƙasa da wannan."

Tahsin ya fara bayani, harshe yana sarƙewa. Mutumin ya saurara da ladabi, amma idonsa ya riga ya sauka kan tsohuwar da ke kujera, mai farin gashi da sanda.

"Wannan fa?"

"Khala ce," in ji Tahsin. Ko numfashi bai ja ba kafin ya faɗa. "Yayar mahaifiyata."

Mehrunnisa ta taɓa jin zafin allura ta shige ƙarƙashin farce, ta ji na mutuwar miji. Wannan daban ne. Kalmar da ta rabu da mutane a kanta, ta bar abincin biki a kanta, yau ga ta ta fito daga bakin yaron da kansa, sumul, kamar ya daɗe yana gwada ta.

Mutumin ya matso ya ɗan rusuna. "Ammaji, ke ce babba a nan, kuma mai furfura irin taki ba ta yi mini ƙarya. Ki taimake ni in rufe maganar nan in tafi. Wace ce mahaifiyar wannan bawan Allah?"

Amsar tana kan harshen Mehrunnisa, wadda ta saba bayarwa tun yaron yana zanen goyo. In ta faɗe ta, kuɗin asibitin nan kaf ya dawo kan Tahsin, ofis kuma ya kira shi maƙaryaci. Kuma ta so ta faɗa. Wallahi ta so. Ta so ta ga Nuzhat ta tattara sabuwar gwiwarta ta koma benci ita ma. Ta dubi Tahsin. Ya yi tsuru-tsuru, gumi yana bin wuyan rigarsa duk da sanyin ɗakin, yana roƙonta da ido. Bai ma ji kunyar roƙon ba, don ya san wadda yake roƙo.

"Ita ta haife shi," in ji Mehrunnisa. Ta nuna gadon da sandarta. "Ina wurin, ni na riƙe mata hannu. Rafik mijina ne, Allah ya ji ƙansa. Shi ya kai yaron makaranta, malamai suka rubuta sunansa."

"To ke kuma, Ammaji?"

"Riƙo na yi."

"Shi ke nan, an gama," in ji mutumin, fuskarsa ta washe. "Mu ma a gidanmu an yi irin wannan. Ai riƙo lada ne." Ya rubuta abin da zai rubuta, ya sake haɗa hannu, ya ce zai tsaya wurin nas-nas ya karɓi sa hannun likita.

Da ƙofa ta rufu, Nuzhat ta fashe da kuka mai sauti, tana "Apa, Apa." Mehrunnisa ba ta ko kalle ta ba. Ta dafa hannun kujera ta miƙe a karo na biyu, don na farko gwiwa ta ƙi. Tahsin ya kawo hannu zai tallafe ta, ta janye kafaɗarta.

"Farfesun a ɗumama kafin a ba ta," ta ce. "In ya huce kitse yake yi."

Ta fita. Barandar doguwa ce, tana tafe tana dogara sanda, kowane taku sai ta ciji leɓe. Can gefe mutumin inshora yana jingine da teburin nas-nas yana jiran likita. Ta wuce shi, ta kai bakin lif ta danna. Sai ta ji takun Tahsin a bayanta, da gudu.

"Ammi! Ammi, tsaya mana. Wallahi zan nemo kuɗin, ko bashi ne, ko babur ɗin zan sayar. Ammi, dube ni."

Ta juyo ta dube shi, da idon da ya bushe ƙamas.

"Rage murya," ta ce. "Mutumin bai tafi ba."

Da a ce ya ce mata mutumin ya ji mana, duniya ma ta ji, da ta yafe masa tun kafin lif ya iso. Ta tsaya tana jira ya faɗa. Tahsin ya waiga ya duba teburin nas-nas. Da ya juyo ya ci gaba da ba ta haƙuri, a hankali yake magana, kuma bai sake kiranta Ammi ba.